Ramin Farin Dutse da Igiyar Guga

Ranar da na fara aiki a kwari, wato wurin da ake haƙa da fasa dutse, tun kafin a ba ni hular kwano aka miƙo mini wata 'yar kwalba mai ruwan asid. Injiniyan da zan yi aiki a ƙarƙashinsa ya tsinci duwatsu biyu a ƙasa, ya ɗiga wa kowanne ɗigo guda. Na farko bai ko motsa ba. Na biyu ya hau tsuwa yana kumfa kamar an jefa kanwa a ruwan tsamiya. Ya ce, "Mai kumfar nan shi ne abincinmu. Duk wanda bai yi kumfa ba, kada ka bari a loda shi a mota." Darasin farko ke nan, kuma shi kaɗai ne aka koya mini da baki. Sauran duk da kuskure na koye su.

Shekara bakwai na yi a wurin, wani ƙaramin kamfanin fasa dutsen farar ƙasa a ƙasar Sakkwato. Na fara da rubuta lambar tifa a bakin ƙofa, na ƙare ina foman na rami. Ba mu yin siminti, kada a haɗa mu da manya. Masu sayen kayanmu su ne masu haɗa abincin kaji na Kano da Kaduna da Jos, sai masu fenti, sai masu ƙona dutse su fitar da farar ƙasa. Mutane da yawa ba su san cewa ɓawon ƙwan da suke fasawa da safe da wannan dutse kusan abu ɗaya ba ne: dukkansu sinadarin kalsiyam kabonet ne. Kaza mai ƙwai tana bukatar kamar giram 4 na kalsiyam kullum, in ba ta samu ba sai ta riƙa yin ƙwai mai laushin ɓawo. Sunan kamfanin da na ƙauyen da muke maƙwabtaka da shi zan bar su a cikina, domin yawancin ɓarnar da zan faɗa da hannuna a ciki.

In ka ce wa mutum ƙasar Sakkwato, da zafinta da ƙurarta, ta taɓa zama ƙarƙashin teku, kallon mai taɓin hankali zai yi maka. Ni ma ban yarda ba sai da leburori suka fara cika mini aljihu da katantanwa ta dutse, da ɓawon kawa, da wasu 'yan dunƙule masu zanen tauraro a baya waɗanda injiniya ya ce bushiyar teku ce. Masana ƙasa sun ce kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce wani reshen teku mara zurfi ya ratso Sahara ya kwanta a wannan yanki har cikin Nijar da Mali, ɓawon halittunsa ya yi ta taruwa yana daskarewa. Wannan shimfiɗa sun laƙaba mata sunan Kalambaina, garin da ke gefen birnin Sakkwato inda aka kafa kamfanin siminti a 1962, ya fara aiki a 1967, wanda yanzu yake hannun BUA. Dutse mai wannan sinadari shi ya tayar da Ashaka a Gombe, da Obajana a Kogi, da Malbaza a jihar Tawa. A ƙarƙashin farin dutsen namu kuma akwai wata laka mai ruwan toka, wadda suke kira shimfiɗar Dange. Lokacin ban ɗauke ta a bakin komai ba, illa dai in muka taɓo ta mun san dutse ya ƙare a nan.

Kafin a kai ga dutse sai an kwashe abin da ke samansa. A wurinmu hawa uku ne: ƙasar noma a sama wadda ba ta fi kamu guda ba, sai jar marmara, sai yumɓu, sannan farin ya bayyana. Hayar katafila muka yi, kullum ana biya ko ta yi aiki ko ba ta yi ba, ni kuwa aka ɗora wa ƙirga awoyinta. Direban ya tambaye ni ko ya ware ƙasar sama gefe guda. Na duba agogo, na duba takardar da ke hannuna, na ce ya tura duka wuri ɗaya. Cikin kwana tara ya tara wani tsauni ja a gefen fili, gonakin mutum goma sha wani abu a cakuɗe a cikinsa. Manaja ya yaba mini saboda na rage kwana biyu. An biya masu gonakin diyyar amfanin gona da ta itatuwa, gawo da aduwa da magarya kowanne da kuɗinsa. Ita ƙasar, wadda kakanninsu suka yi ta kai wa taki a kan jaki, ba ta cikin lissafi.

Saman dutsen mai laushi ne, eskabeta na iya ɓamɓare shi da haƙoranta. Ƙasa kaɗan akwai shimfiɗa mai tauri wadda sai nakiya. Ana yanka ramin hawa-hawa ne kamar matakala, domin mota ta samu wurin shiga, bango kuma kada ya yi tsawon da zai rufto wa mutane. Masu huda sukan yi kwana biyu ko uku da kwamfuresa suna jera ramuka layi-layi. Ranar harbi sai a zuba anfo, wato amoniyam naitiret da aka jiƙa da man dizal, kashi 94 da kashi 6. Shi kaɗai ba ya tashi, sai an sa masa 'yar nakiya mai ƙarfi da kan tayarwa a ƙasan rami. Ba a cika ramin da shi. Ana barin kamar sulusi a sama a cushe da tsakuwa a danne sosai, domin ƙarfin ya tafi cikin dutse maimakon ya fito ta baki kamar bindigar toka. Ramukan kuma ba sa tashi lokaci guda. Tsakanin layi da layi akwai tazarar da ba ta kai ƙiftawar ido ba, layin gaba ya matsa ya ba na baya wuri. Kunne zai ji ƙara ɗaya doguwa, amma ƙasa ta sha duka ƙanana da yawa maimakon babba guda, girgizar da ke kaiwa gidaje sai ta ragu.

Mai nakiyarmu tsohon hannu ne, a kamfanonin hanya ya koyi aikin, da takardar izininsa. Kayan ba a ajiye su a wurinmu, da rakiyar 'yan sanda ake kawo su, a ƙirga a gaban kowa, abin da ya rage a mayar. Tun da matsalar tsaro ta tsananta aka ƙara matse wannan harka, wani lokaci mu yi mako muna jira. Yana da dokoki uku da ko manaja bai isa ya taɓa ba. In hadari ya haɗo ana walƙiya, babu harbi. In rami ɗaya ya ƙi tashi, babu mai kusantar wurin sai an yi rabin awa cur. Kuma ba a danna komai sai an busa jiniya sau uku, an tura yara da jan ƙyalle sun tare hanyar kasuwa da ta makiyaya.

Duk da haka dutse ya taɓa tashi ya shiga gari, kuma ni na jawo. Farin dutse yana da kogo a ciki, domin ruwan sama yana cin sa a hankali shekara da shekaru, ya bar ramuka da tsaguwa. Wani mai huda ya gaya mini cewa a rami na uku a layin gaba ƙarfen ya zurma masa kamar taƙi biyu babu dutse. Ranar nan motoci uku daga Kano sun kwana uku a ƙofa, direbobi sai zagina suke yi a waya. Na ce masa na ji, na wuce, ban isar wa mai nakiya ba. Da aka zo zubawa, ramin ya sha anfo fiye da rabonsa, kogon ya cika. Aka busa jiniya, aka danna. Na ga wani abu ya yi sama ya bi ta kan darbejiyoyin bakin gari.

Dutsen ya kai girman tukunyar miya. Ya huda kwanon wani ɗaki ya sauka a kan randa. Da muka shiga, ruwa ya malale a daɓe, ga tsingaro ko'ina, ga moɗa can gefe, hasken rana ya sauko ta hudar kwanon ya tsaya a kan tabarma. A kan tabarmar nan akwai zanin goyo a shimfiɗe. Uwar ta ɗauki jaririnta ta fita tsakar gida ne da ta ji jiniya. Maigidan bai ɗaga murya ba. Ya dube ni ya ce, "Allah ya kiyaye, foman. Ku dai gyara." Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Da yamma mai nakiya ya kira ni bayan kwantena, ya ce, "Foman, ni da kai ba mu sake harbi sai mai huda ya gaya mini da bakinsa abin da ya ji a kowane rami." Daga ranar muka buɗe littafin huda, kuma muka juya fuskar rami ta daina kallon gari.

Bayan wannan, duk wata tsaga da ke bangon garin ta zama tamu. Wasu tamu ce da gaske, wasu kuwa sun girmi kamfanin, ginin ƙasa ne da damina ta ci. Amma da me za mu raba? Ba wanda ya zagaya ya ɗauki hoton gidajen kafin harbin farko, aikin da yaro ɗaya da waya zai gama a yini biyu. Muka yi ta biyan kuɗin yaɓe, wanda ya fi baki ya fi samu, wanda ya fi kunya ya tashi a tutar babu.

Ƙura kuwa kowa ya ɗauka daga kurasha, injin niƙa dutse, take fitowa, tunda can ne ake ganin farin hayaƙi yana tashi, masu aikin wurin su fito kamar an tsoma su a garin rogo. Gaskiya ne tana fitowa, kuma mun sha fama da leburori kan takunkumi, suna cewa yana hana su numfashi a zafin bazara. Ƙurar farin dutse ba ta kai ta baƙin dutse illa ga huhu ba, domin yashin da ke cikinta kaɗan ne, amma kaɗan ɗin ma ba alheri ba ne ga wanda zai shaƙa shekara goma. Sai dai ƙurar da ta fi damun gari daga hanya take. Tifa mai taya goma in ta taho da gudu a kan marmara lokacin hunturu, sai ta bar gajimare a baya ya sauka kan duk abin da ke bakin hanya. Albasar lambu ta yi fari, ganyen ya toshe ya daina girma yadda ya kamata. Ban san girman abin ba sai da matar mai shayinmu ta aiko masa da saƙo ya gaya mini cewa mata sun daina shanyar kuɓewa da kauɗar tumatir a kan rufi, domin miya ta koma tana ƙasa-ƙasa a baki. Mun yi zama da mutanen gari ya fi sau goma a ƙofar maigari, ba a taɓa tayar da maganar ba. Maza ne ke zuwa zaman, su kuwa tsagar bango suke kawowa. Maganin bai da tsada: tankar ruwa safe da yamma, tudun rage gudu guda huɗu, da dokar cewa motar da ba ta rufa tamfol ba ba ta fita ƙofa.

Akwai wata ƙazantar da ba a ramin take fita ba, sai dutsen ya bar hannunmu. In aka ƙona shi ya kai zafin digiri 900, kowane kilo 100 yakan bar kilo 56 na farar ƙasa, sauran 44 ya tashi sama a matsayin iskar kabon dayoksaid, ban da hayaƙin itace ko gawayin da aka ƙona shi da shi. Tandun siminti ma haka yake, shi har digiri 1450 yake kaiwa. Masu ƙona farar ƙasa da ke saye a wurinmu da itace suke yi, kuma na ga yadda dajin da ke bayansu yake ja da baya kowace shekara.

Duk waɗannan ana ji, ana gani, ana faɗa a kansu. Abin da ya fi su duka bai yi ƙara ba.

A shekara ta huɗu ramin ya kai zurfin da ruwa ya fara tsattsafowa ta tsagar bango. Murna muka yi da farko. Ruwa garau mai sanyi, leburori na alwala, direbobi na wanke fuska. Da ya fara hana eskabeta aiki sai aka kawo injin ban ruwa guda, daga baya biyu, suna aiki dare da rana, mun jefa bakin tiyo a wani kwazazzabo yana bi ya tafi. Ban taɓa tambayar kaina daga ina ruwan yake zuwa ba.

Bazara ta biyu da fara jan ruwan, wani dattijo ya zo ƙofa ya ce foman yake nema. Mai haƙar rijiya ne, yawancin rijiyoyin garin da na lambuna shi ya haƙa su ko mahaifinsa. Ya zo da igiyar guga a naɗe a kafaɗa. Muka gaisa, na ba shi benci, ya ƙi zama. Ya warware igiyar a ƙasa a gabana, igiyar kaba ce da ta sha hannu har ta yi sulɓi, da ƙulli uku a jikinta. Ya taka na farko da ƙafa.

"Nan ruwa yake tsayawa ga bazara, tun ina yaro." Ya matsa ya taka na biyu. "Nan bara." Ya taka na uku, wanda ke can kusa da ƙarshe. "Nan yau da safe. Ɗana, mi kunka yi muna ga ruwa?"

Na ce, "Baba, ai damina ce ba ta yi kyau ba bana. Ko'ina haka ake kuka."

Ya ce, "Rijiyoyin bayan tudu ba su ji daminar ba? Su suna nan inda suke. Na kusa da ku su aka janyewa."

Na rasa ta cewa. Ya karɓi farantin da na ci shinkafa, ya zuba ruwa daga butata, ya ce in duba. Ruwan garin nan, in ji shi, ba daga can ƙasa yake ba. A cikin farin dutse yake zaune, laka ta tare shi daga ƙasa kamar yadda farantin nan ya tare wannan. Shi ya sa in yana haƙa, da ya taɓo laka mai toka yake tsayawa, in ya huda ta ruwan zai gudu. Sai ya karkata farantin kaɗan, ruwan ya taru gefe guda ya fara zuba. "Wanga rami naku shi ne gefen da ya karkata."

Da na kai wa injiniya maganar, ya yi shiru, sannan ya ce tsohon ya fi rahotonmu gaskiya. Abin da masana suka rubuta ke nan tun tuni: shimfiɗar Kalambaina tana riƙe ruwan sama a tsaguwarta, lakar Dange ta hana shi nutsewa, daga nan rijiyoyi marasa zurfi da idanun ruwa na yankin suke sha, har da waɗanda ke ciyar da tafkin Kware. Mu kuwa mun haƙa rami mafi zurfi a unguwar, mun sa inji muna zuƙewa muna zubarwa a kwazazzabo.

Na ce rahoto, domin muna da shi. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ce duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne, daga ofishin rajistar ma'adinai na Abuja ake karɓar lasisin kwari, kuma sai an yi yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin. Dokar 1992 ta wajabta binciken illar aiki ga muhalli kafin a fara. Hukumar NESREA mai kula da dokokin muhalli ma tana da ƙa'idojin fasa dutse da tayar da nakiya na 2013. Takardunmu sun cika. Na ɗauko rahoton muhallin daga kabad na kaɗe masa ƙura, littafi mai kauri da hotunan itatuwa da sunayen tsuntsaye da Turanci. Na bi shi shafi-shafi ina neman inda aka auna zurfin ruwa a rijiya ko guda ɗaya ta garin. Babu. Ma'aunin da ya wanzu a duniya na yadda ruwan yake kafin mu zo, shi ne ƙullin farko a igiyar tsohon nan. A ganina doka ba ta gaza ba a rubuce. Wanda aka ba aikin binciken ne ya zo ya yi yini ɗaya ya koma, mu da muka biya shi ba mu karanta ba, wanda ya sa hannu a kai ma ina shakkar ya karanta.

Manaja ya so a rufe maganar da burtsatse, tunda dama tana cikin yarjejeniya. Aka haƙa, ta huda lakar ta kai ga ruwan da ke can ƙasa cikin yashi, aka sa mata sola da tanki, aka yi taro da tafi. Ta magance ƙishirwa, ban raina ta ba. Amma famfo ɗaya a tsakiyar gari ba ya maye rijiya ashirin da ke cikin lambuna. Mai albasa ba zai ɗauki jarka ya shayar da kadada ba. Masu lambun da ke kusa da mu da yawa sun bar noman rani a shekarar, wasu samarinsu suka dawo ƙofarmu neman aikin lebura. Na ɗauki uku daga cikinsu da hannuna, ina sane da abin da ya kawo su.

Sai da muka yi wata biyu muna ja-in-ja kafin a yarda da abin da injiniya ya kawo. Abin da ya taimake mu ba tausayi ba ne, kuɗin dizal ne: injinan ruwan suna shan mai fiye da ribar dutsen da ke ƙasan. Aka daina nutsawa, aka koma faɗaɗawa gefe a saman ruwa. Sashen da ya fi zurfi aka bar shi ya cika. Ɗan ruwan da ya zama dole a ja, aka daina zubar da shi a kwazazzabo, aka bi da shi ta wani tafki ya kwanta ya tace, sannan ya shiga dogon lambatu da muka haƙa ta ɓangaren gari, ya koma ƙasa a hankali. Ni kuma aka ba ni aikin da ya kamata a ba wani tun ranar farko. Ran ɗaya ga kowane wata ni da tsohon muke zagaya rijiya shida, shi da igiyarsa, ni da tef da littafi. Ba mu taɓa saɓawa da fiye da taƙi ba.

Ramin da ya cika ya zo da tasa matsalar. Bangonsa a miƙe yake, ruwan kore shar, yara kuwa ba a raba su da ruwa. Mun sa waya an sace, mun sake sawa an sake sacewa. Saniyar wani makiyayi ta zame ta faɗa, sai da eskabeta aka ciro ta. A ƙarshe muka karya bango ɗaya muka kwantar da shi ya zama gangare, yadda dabba za ta sauka ta sha ta hau, wanda ya faɗa kuma ya samu ta inda zai fito. Sauran ɓangarorin muka kewaye da ƙayar bagaruwa, wadda ba mai sata.

Saura jan tsaunin nan na katafila. Da aka zo mayar da ƙasa a sashen da aka gama, shi muka baje. Damina biyu ko tsiron tafasa bai fito ba. Ruwa in ya sauka sai ya gudu a kai kamar a kan daɓe, ya tafi da jar laka cikin gonakin ƙasa. Ƙasar noman tana ciki, amma ta narke a cikin marmara da yumɓu, kamar ka zuba cokalin zuma a buhun yashi ka ce za ka tsince shi. Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane. Kwana biyun da na rage wa katafila su ne wannan.

Maigadinmu na dare mutumin ƙasar Tawa ne, ba ya yawan magana. Wata rana ya gan ni tsaye ina kallon filin, ya ce, "Foman, ku ba ni taki da mutum biyar." A garinsu, in ji shi, fako irin wannan tassa ake yi masa. Cikin rani suka bi filin da diga suna haƙa 'yan ramuka, faɗin taƙi da ɗoriya, zurfin taƙi, ƙasar da aka fitar a tara ta ta gefen gangare ta tare ruwa. Kowane rami aka zuba masa taki cikin tafi biyu. Gara ta shiga ta yi ta huda ƙasan tana jan takin ciki. Da ruwa ya sauka, maimakon ya gudu sai ya tsaya a ramukan. Suka jefa gero a wasu, gamba a wasu, irin bagaruwa da kalgo a sauran. Shekarar farko geron bai kai ƙugu ba, zangarniyar kamar yatsa. Shekara ta biyu ya ɗaure dami huɗu a wurin da bai kai rabin kadada ba, ya kawo mini ɗaya ofis. Lokacin da aka buɗe sabon sashe, na tsaya a kan direban katafila da kaina har ya kankare ƙasar sama ya tara ta daban, tudu gajere mai faɗi, muka watsa mata irin wake don kada iska ta kwashe.

Na bar aikin da ciwon baya da tari da ya ƙi jin magani, na koma gida na buɗe shagon kayan gini. Bara da bazara hanya ta bi da ni ta wajen, na ratse. Kwarin yana aiki, sababbin fuskoki, ba wanda ya gane ni sai mai shayi. Bagaruwar tassa ta fi ni tsawo. A ramin ruwa na tarar da shanu a gangare da balbela a bayansu, wasu yara kuma na jefa fatsa, wai wani ya zuba tarwaɗa. Lambuna uku na kusa da hanya sun dawo da albasa, biyu har yanzu fako ne.

Na sami tsohon a zaure, ido ya yi rauni, ya daina shiga rijiya. Da ya ji muryata ya ce, "Foman ne?" Na ce ni ne, Baba. Ya aiki jikansa ya ɗauko igiyar daga rataye. Ƙulli huɗu ne yanzu. Ya bi ta da yatsu yana lalube, ya wuce na farko, ya tsaya a kan wani sabo da ke tsakaninsa da na biyu, ya kama hannuna ya ɗora a wurin.

"Nan take bana," ya ce. "Saura kamu biyu."